BABI NA BIYU: HAƘƘIN ILMI DA SHINGAYENSA A TARIHIN AREWACIN NIJERIYA

2.0 Gabatarwa

A shekarar 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwarta ta haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 26 ya nuna cewa ilmi haƙƙin kowa ne, kuma na firamare ya zama kyauta, ya zama tilas. Wannan babi zai waiwayi tarihi domin gano dalilin da ya sa wannan haƙƙi bai kai ga kowane yaro ba a Arewacin Nijeriya.

2.1 Kafin Zuwan Turawa

Turawa sun tarar da makarantun allo da na zaure a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan karkara. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ƙin ilmi ne asalin koma bayan Arewa.

2.2 Zamanin Mulkin Mallaka

'Yan mishan sun sauka Badagry a 1842, kuma a 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas. A Arewa kuwa, bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka aka taƙaita shigar mishan ƙasashen Musulmi. Sai dai gwamnati ba ta cike wannan gurbi da nata makarantun ba. Sai a 1909 Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, kuma manufarta ita ce horar da 'ya'yan sarakuna da malaman da za su riƙe ayyukan En'e. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ita ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ɗalibai kaɗan take ɗauka. Makarantun 'yan mata kuwa ba a fara su ba sai a 1930, a Kano da Katsina. Ke nan tun tushe, ba don ɗan talaka ko 'ya mace aka gina makarantar ba.

2.3 Daga 1955 Zuwa Dokar 2004

A 1955 Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta fara ilmin firamare kyauta. Jihar Arewa ba ta iya yin haka ba saboda ƙarancin malamai da kuɗi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a ƙasa baki ɗaya. Yaran da suka fito sun wuce lissafin da aka yi, azuzuwa suka cika maƙil, aka ɗauki malaman da ba su gama horo ba. Da kuɗin man fetur ya faɗi, ga kuma shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai nauyi ya koma kan iyaye. Talaka ya janye ɗansa zuwa gona, 'yarsa kuma zuwa talla ko ɗakin miji. Bugu da ƙari, 'ya'yan makiyaya ba su sami hukumar da ke kula da ilminsu ba sai a 1989.

Ta fuskar doka ma akwai giɓi. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 sun ambaci ilmi kyauta a sashe na 18, amma da sharaɗin idan hali ya yi, kuma a babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Dokar UBE ta 2004 ce ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin haka. Amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata kason, abin da ya sa kuɗin wasu jihohi suka daɗe ba a ɗauka ba. A 2010 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa ilmi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a shari'a. Sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014 ya ƙara wani shinge, wato tsoron tura yaro makaranta.

2.4 Naɗewa

Daga bayanin da ya gabata, za a fahimci cewa a kowane zango doka na riga makaranta isa. An yi shelar haƙƙi, amma aji da malami da tsaro ba su biyo baya ba, kuma waɗanda aka bari a baya a 1909 su ne dai suka fi cutuwa: ɗan talaka, da 'ya mace, da ɗan karkara. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan shingaye suka shafi 'ya'ya mata musamman.