Waƙoƙinka suna gida, kai kana hanya: tarihin jin waƙa daga kwamfutar gida

A ce kana da waƙoƙi dubu goma a kwamfutarka, har da tsofaffin kaset ɗin Shata da ka sha wahala ka mayar cikinta. Ka yi tafiya, wayarka kuma ba ta da wurin ɗaukarsu. A yau kana iya barin kwamfutar a kunne, ka buɗe manhaja a waya, waƙa ta riƙa zuwa maka ta intanet kaɗan-kaɗan kana ji, ba sai ka sauke ta ba. Kafin a kai nan an sha ja-in-ja, kuma akasarin rigimar a kan tambaya ɗaya ce: waƙar da ka mallaka, a hannun wa take zaune?

Tushen abin shi ne MP3, wanda masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, aka raɗa masa wannan suna a 1995. Minti ɗaya na waƙar faifan CD yana cin kusan megabait 10. MP3 yana zubar da sautukan da kunne ba ya kamawa sosai, sai mintin ya koma kusan megabait 1. Daga nan waƙa ta iya bin layin intanet.

A farkon 2000, kamfanin MP3.com na Amurka ya zo da dabara: ka sa faifanka a kwamfuta, manhajarsu ta tabbatar kana da shi, sai su buɗe maka nasu kwafin ka ji daga ko'ina. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara, kotu ta ce kwafin da MP3.com ya ajiye ba shi da izini, ƙarshe ya biya Universal dala miliyan 53.4. Masu manhaja suka ɗauki darasi: to, bari waƙar ta fito daga kwamfutar mai ita.

Nan ma ba a tsira ba. A Afrilun 2003 Apple ya fitar da iTunes 4, wanda ke bari ka ji waƙoƙin kwamfutarka daga wata kwamfutar ta intanet. Mutane suka fara buɗe wa baƙi taskarsu, cikin 'yan makonni Apple ya taƙaita abin ga na'urorin da ke kan layi ɗaya, kamar na cikin gida.

Akwai kuma matsalar fasaha. Kwamfutar gida tana ɓoye ne a bayan rauta, adireshinta na intanet yana sauyawa, kuma layin gida ya fi saurin saukewa a kan aikawa. Maganin biyu ne: ɗan tsakani a intanet da zai haɗa wayarka da kwamfutar, sannan kwamfutar ta rage nauyin waƙa kafin ta aiko. Da iPhone ya samu kasuwar manhajoji a 2008, Simplify Media ya yi wannan aiki. Google ya saye shi a 2010, aka rufe. Audiogalaxy ya ci gaba da irin aikin, Dropbox ya saye shi a ƙarshen 2012, shi ma aka rufe. Ka ga dai yadda abin yake: waƙa taka, kwamfuta taka, amma mabuɗin yana hannun ɗan tsakani.

Shi ya sa manhajojin da mutum ke girkawa da kansa suka samu karɓuwa. Sindre Mehus, ɗan Norway, ya rubuta Subsonic, kuma tsarin da waya ke magana da shi ya zama abin da manhajoji irin su Navidrome ke bi har yau. A 2018, da Emby ya rufe lambobin manhajarsa, masu sa-kai suka ware suka kafa Jellyfin, kyauta ga kowa.

In za ka gwada, yi lissafi tukuna. Awa ɗaya na MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 58, a gida da kuma a waya. In aka ɗauke wuta, waƙa ta tsaya, shi ya sa wasu ke amfani da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da batir zai iya riƙewa. Sa kalmar sirri mai ƙarfi, ka kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri, domin wasu waƙoƙin kaset ɗin nan ba lallai ka same su a Spotify ba.