Daren da mutanen Lakwila suka kwana cikin gida

Lakwila birni ne na cikin duwatsu a tsakiyar Italiya, kusan kilomita 100 daga Roma. Garin ɗalibai ne, jami'arsa tana jawo matasa daga nesa. Mutanensa sun san girgizar ƙasa tun kaka da kakanni: ta rusa garin a 1461, ta dawo a 1703 ta kashe dubban mutane. Abin da suka gada daga wannan shi ne, in ƙasa ta motsa da dare, maigida ya tada iyalinsa, a kwashi barguna a fita fili, ko a kwana cikin mota har gari ya waye.

Daga ƙarshen 2008 ƙasa ta fara motsi kaɗan kaɗan, wata da watanni, sau ɗaruruwa. Bango na tsagewa, ana fitar da yara daga aji, barci ya ƙaurace wa mutane. Ran 30 ga Maris 2009 aka yi wadda ta kai maki 4. Akwai kuma wani ma'aikacin ɗakin bincike, Giampaolo Giuliani, da ke auna iskar radon yana cewa babba na tafe. Masana ba su yarda da hanyarsa ba, kuma suna da hujja, don har yau babu mai iya faɗin ranar girgiza. Hukuma ta kai ƙararsa kan tada hankalin jama'a.

Washegari, 31 ga Maris, hukumar kare farar hula ta kira kwamitinta na manyan haɗurra zuwa Lakwila. Zaman bai wuce kamar awa guda ba. A ciki masanan sun ce da wuya a yi babbar girgiza nan kusa, amma ba za a ce ba za ta faru ba. Maganar da ta isa kunnen jama'a daban ce. Mataimakin shugaban hukumar, Bernardo De Bernardinis, wanda injiniyan ruwa ne, ya faɗa a talabijin cewa babu haɗari, wai ƙananan girgizar ma alheri ne don suna rage ƙarfin da ya taru a ƙasa. Ɗan jarida ya ce ashe sai a zauna a sha giya, ya amsa masa da e, har da sunan wadda za a sha. An ɗauki hirar tun kafin a zauna taron, aka watsa ta bayansa, mutane suka ɗauka sakamakon taron ke nan. Zancen rage ƙarfi kuwa ba shi da tushe a ilimin girgizar ƙasa.

Daren 5 ga Afrilu ƙasa ta motsa sau biyu, kafin ƙarfe 11 da kuma bayan sha biyu. A da, wannan ya isa a fita. Iyalai da yawa suka tuna abin da suka ji a talabijin, suka koma suka kwanta. Ƙarfe 3 da minti 32 na dare babbar ta zo, maki 6.3. Mutum 309 suka mutu, fiye da 1,500 suka ji rauni, wajen 65,000 suka rasa matsuguni. Wani ɓangare na gidan kwanan ɗaliban jami'a ya rufta da matasa 8, gidan da mazaunansa suka riga suka yi ƙorafin tsagewar bango. Duk wanda ya taɓa karɓar ɗan wani amana a makaranta ya san nauyin wannan: iyaye sun tura ƴaƴansu karatu, aka kira su su zo su duba gawa.

Abin da ya fi ci wa iyalan rai shi ne an raba su da dabarar iyayensu, aka ba su kwanciyar hankalin da ba ta da madafa. Wani likita da ya rasa matarsa da ɗiyarsa ya sha faɗin cewa mahaifinsa yakan fitar da su su kwana cikin mota, shi kuwa a wannan daren ya bar nasa a gida saboda maganar hukuma. A 2012 wata jarida ta fitar da muryar shugaban hukumar, Guido Bertolaso, a waya, kwana guda kafin taron, yana cewa za a yi shi ne don kafafen labarai, a kwantar da hankalin mutane. Daga baya kotu ta wanke shi.

A Oktoba 2012 alƙali ya yanke wa masana shida da De Bernardinis ɗaurin shekara 6. Masanan duniya suka yi ca, wai an ɗaure mutane don sun kasa duba gaibu. Tuhumar ba haka ta ce ba, tana magana ne kan bayanin da aka ba jama'a, mai rauni da saɓa wa juna. Duk da haka a ganina kotun ɗaukaka ƙara ta fi kusa da gaskiya a 2014, da ta sallami masanan ta bar wanda ya yi maganar da shekara 2. Kotun ƙoli ta tabbatar a 2015. Laifin da nake gani a kan masanan, wanda kotu ba ta hukunta shi, shi ne shirun da suka yi kwana shida bayan an faɗi abin da suka san ba daidai ba ne.

Sai ga wani hukunci a Oktoba 2022, a ƙarar diyyar wani bene da ya rufta kan titin Campo di Fossa: alƙaliya ta ɗora wa mamatan kashi 30 cikin ɗari na laifin mutuwarsu, don ba su fita ba bayan motsi biyu na daren. Waɗanda aka ce wa su zauna, su ne kuma aka zarga da zama. Mutanen garin suka fito zanga-zanga.

Kowace shekara, daren 5 ga Afrilu, suna zagaya gari da fitilu, a karanta sunayen 309 ɗaya bayan ɗaya, a buga ƙararrawa sau 309.