Gwajin Ƙasa Kafin Zuba Taki: Bayani ga Manoman Samaru da Sabon Gari

Ƙasar noma ta Samaru, a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, tana da ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaras. Amma kowace gona da irin buƙatarta, kuma wanda ya zuba taki bisa kintace yana iya asarar kuɗinsa, amfani bai ƙaru ba.

Saboda haka muna kira ga manoma su gwada ƙasarsu kafin damina. A ɗebi ƙasa zuwa zurfin santimita 20 a wurare goma cikin gona, a cakuɗa, a kai rabin mudu ɗakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Sakamakon zai nuna tsamin ƙasar da takin da ya dace da ita.

Masu noman masara su sa kamfa cikin mako biyu bayan shuka, yuriya kuma a mako na biyar ko na shida. A binne takin gefen tushe, domin yuriyar da aka watsa a sarari ƙarfinta kan bi iska. A haɗa da takin gida, a kuma riƙa musanya masara da waken soya shekara-shekara.

Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da malaman gona su isar da wannan bayani.