Tiyatar Matsewar Ƙashin Ƙugu: Daga Babban Yanka Zuwa Ƙaramar Kafa

A kasuwar Sabon Gari ba a rasa dattijon da ke tafiya taku kaɗan ya tsaya ya sunkuya, ƙafafunsa sun yi nauyi, amma in ya hau keke sai ya kai Samaru bai koka ba. Sau da yawa wannan alama ce ta matsewar hanyar jijiyoyi a ƙashin ƙugu. Sunkuyawa tana buɗe hanyar, miƙewa tana matse ta. Shi ya sa wasu ruku'u ya fi yi musu daɗi a kan doguwar tsayuwar tarawihi.

Likitan ƙasar Holan, Henk Verbiest, shi ya fayyace wannan cuta a 1954. Maganinta a wancan zamani shi ne a tsaga baya, a ɗaye tsoka, a cire ƙashin da ya danne jijiyoyin. A 1977 Wolfhard Caspar a Jamus da Gazi Yaşargil a Suwizalan suka shigo da madubin ƙara girma cikin tiyatar faifan baya, sannan a 1997 Foley da Smith a Amurka suka ɓullo da aiki ta cikin siririn bututu. Yanka ya ragu, zubar jini ya ragu, kwanan asibiti ya ragu.

Sai dai haɗari bai tafi ba. Mayafin da ya lulluɓe jijiyoyi na iya yagewa, jini na iya taruwa ya danne su, rauni na iya ruɓewa. Tun 1941 Meyer Saklad ya tsara wa likitocin sa barci na Amurka matakan auna ƙarfin majinyaci kafin a taɓa shi, a 1987 kuma Mary Charlson ta fitar da ma'aunin cututtukan da mutum ke ɗauke da su. Yau kwamfuta ake ɗora wa lissafin, amma abubuwan da take dubawa tsofaffi ne: shekaru, ciwon suga, ƙiba, shan taba, ƙarancin jini.

A nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, asibitin koyarwarta ya koma Shika a 2005. Majinyacin da ke isa can, galibi ya riga ya bi ta wurin wanzami da mai ɗori, ya shafe shekaru yana haɗiyar diclofenac daga kemis, wanda ke cin ciki ya taɓa ƙoda. Wani suga na ɗauke da shi bai sani ba; wani ma tarin fuka ne ya ci ƙashin, ba matsewa ba. A ganina ma'aunin da aka gina da bayanan asibitocin Turai da Amurka ba zai kama duk wannan ba, sai likitocinmu sun tattara nasu.

Mai karatu, in an sallami naka bayan tiyata, lura da abu uku: ciwon kai da ke tsananta in ya tashi zaune, ruwa fari yana tsatsa daga raunin, ko fitsari ya ƙi fita. Ko ɗaya aka gani, a mayar da shi asibiti a ranar.