Ramin da ke Cikin Dutse: Daga Kalmar Girkawa Zuwa Ƙurar Bagega

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau kalma ɗaya muka ɗauko daga ilimin duwatsu: amigdal. Asalinta Girkanci ce, sunan ɗan itacen nan ne da Larabawa ke kira lauz, mai kama da ƙwayar gyaɗa amma ya fi ta faɗi, ga tsini a gefe guda. To me ya haɗa dutse da ɗan itace?

Idan dutse mai aman wuta ya amayo narkakken dutse, akwai iska a cikinsa, kamar yadda take cikin kwalbar lemo. Yana hucewa sai iskar ta bar ƙananan ramuka, irin waɗanda kake gani idan ka ɓare waina. Da yake narkakken yana malala kafin ya daskare, ramukan sukan miƙe su yi siffar lauz. Irin wannan baƙin dutse akwai shi a tsaunukan Jos da na Biu. Amma fa rami fanko bai ci wannan suna ba. Sai ruwa mai zafi ya ratso ta cikin dutsen, shekaru dubbai, ya ajiye wani ma'adini ya cike ramin, sannan masana su ce amigdal. Wato abin da ke ciki baƙo ne, daga baya ya zo, kuma ba lallai ya yi kama da dutsen da ya sauke shi ba.

Wannan baƙon ya gina garuruwa. A yankin Kiwino na jihar Mishigan a Amurka, jan ƙarfe kusan zalla ne ya cike ramukan, kuma mahaƙar Kwinsi da aka kafa a 1846 ta yi kusan shekara ɗari tana cin arzikinsa. A Jamus, garin Idar-Obashtain ya yi suna da sassaƙa aƙiƙ, dutsen zobe, wanda shi ma a irin waɗannan ramuka yake tsirowa. A ƙarni na 19 duwatsun wuyansu har Afirka ake kawowa.

Yanzu mu dawo gida. Kada wani ya je ya ce mun ce zinaren Anka a cikin amigdal yake. Duwatsun Anka da Bukkuyum ba na aman wuta ba ne irin na Biu. A nan dutse ne ya tsage, ruwan zafi ya bi tsagar ya cike ta da farin dutse, abin da ake kira jijiya. Siffar ta bambanta, aikin ruwan ɗaya ne. Shi kuwa ruwa ba ya zaɓe. Da ya kawo zinare, tare ya kawo galina, wani ma'adini mai ƙyalli da ke cike da dalma. Kun ma san shi: yawancin tozalin gargajiya shi ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani kwalli da aka kai daga Najeriya, wanda aka gwada bayan wani jariri ya kamu a Boston, aka samu sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Wajen 2009 farashin zinare ya haura dala 1,000 kowane oza. Manomi da ke jiran damina ya ga hanya, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Ana haƙo dutse a daji, a kawo shi cikin gari a buhu, a daka a turmi, a niƙa a inji irin na hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Yaro ya taɓa ƙasa ya sa hannu a baki, shi ke nan.

A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka bincika ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan fa. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Gaba ɗaya an ƙiyasta aƙalla yara 400 suka rasu, ban da waɗanda suka rayu da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Bagega. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci kuma ba za su fara ba yaro magani ba sai an tsaftace gari, don in ka wanke jininsa ka mayar da shi cikin ƙurar, aikin banza ka yi. Haka yara kimanin 1,500 suka zauna jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal na Follow The Money suka tayar da gangamin #SaveBagega, ƙungiyar Human Rights Watch ta sa baki, sannan a Janairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin. Aka kwashe ƙasa, aka zuba sabuwa, magani ya fara a shekarar. Kusan shekara uku bayan an gano cutar.

A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, amma dalilin tsaro ne, ba dalma ba. MSF ta miƙa aikinta ga gwamnatin jihar a 2022.

Galina tana nan a jijiyarta, gefe da gefe da zinaren. Idan kana da ɗan'uwa a wannan sana'a, abin da likitocin suka nanata shi ne: a daka dutse nesa da gari, a jiƙa shi kafin a niƙa, a yi wanka a canza kaya kafin a shiga gida a ɗauki yaro.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.