Wanda Ya Nemi a Sakaya Sunansa

Duk mai bin labaran Zamfara a rediyo ya haddace jimlar: "wani mazaunin garin da ya nemi a sakaya sunansa." Da wuya labarin hari ya fito daga Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura Namoda ba tare da ita ba. Amma ɓoye suna ya girmi rediyo a yankin, kuma da kunya ya faro.

Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mace ba ta faɗin na mijinta, sai maigida ko Malam. In aka raɗa wa jariri sunan kakansa, sai a lulluɓe shi da Abba ko Baba, don kada matar gida ta riƙa ƙwala wa sunan surukinta kira a tsakar gida. Kowa ya san sunan, furtawa ce kawai ba a yi.

Makaɗan fada suka mai da abin makami. Irin su Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ba su buƙatar ambaton ɗan sarkin da ke hararar gadon ubangidansu. Sai a kamanta shi da wata dabba, ko a siffanta wata tawaya tasa, fada ta kwashe da dariya. Shi kuwa ba halin kai ƙara, don in ya kai, ya amsa ke nan cewa da shi ake.

Aikin jarida ya zo da tasa sakayawar, ta kare majiya, musamman bayan BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Da ma'aikacin gwamnati mai tsoron rasa aiki aka fi saninta. Manomi bai shiga sahun sosai ba sai da satar shanu da ta tsananta daga wajen 2011 ta rikiɗe ta zama satar mutane.

Abin da ya sauya komai shi ne infoma, wato mai tsegunta wa 'yan bindiga. Wanda ya yi magana a rediyo da safe ya san kafin azahar an kai sunansa daji, watakila ma maƙwabcinsa ne zai kai. Don toshe wannan kafa aka katse layukan waya a jihar a Satumbar 2021, sannan a Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar kisa kan masu tsegunta wa 'yan bindiga. Zargin bai bar fada ba: a Afrilun 2022 aka tuɓe Sarkin Zurmi bisa zargin hannu a ta'asar.

Bello Turji kuwa, ɗan bindigar da ya addabi Shinkafi, bai taɓa neman a sakaya shi ba. Yana fitowa a bidiyo da fuskarsa a buɗe, kuma a Disambar 2021 har wasiƙar neman sulhu ya aika wa hukuma da sarakuna. Manomin da ya biya harajin girbi kafin ya taɓa geronsa shi ne ke roƙon ɗan jarida kada ya faɗi ko sunan ƙauyensu.