Abin da Fayilolin Boston Suka Faɗa Game da Dukan Mata

A 1988 masaniyar tarihi Linda Gordon ta wallafa littafin da ta gina a kan tsofaffin fayilolin ƙungiyoyin kare yara na birnin Boston a Amurka, daga 1880 zuwa 1960. Ma'aikatan jin daɗin jama'a ne suka rubuta fayilolin, gida bayan gida. A tsawon shekaru tamanin ɗin nan dukan mata bai gushe ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne dalilin da ma'aikaci ke ɗora shi a kai, kuma dalilin nan ne ke yanke irin taimakon da mace za ta samu.

A ƙarshen ƙarni na 19 an ɗora laifin a kan giya da ɗabi'ar baƙin da suka zo daga Turai, musamman talakawan Ayalan da Italiya. Babu ofishin da aka buɗe domin matar da ake duka, saboda haka mata suka riƙa shiga ta ƙofar 'ya'yansu: su kai ƙarar an cuci yaro, da fatan ma'aikaci zai lura da halin uwar. A shekarun 1930, lokacin karyewar tattalin arziki, tausayi ya koma kan mijin da ya rasa aiki, aka fi ƙoƙarin kada gida ya watse. Daga 1940 zuwa 1950 da 'yan kai, da nazarin halayyar ɗan Adam ya mamaye sana'ar, sai zargi ya juya kan matar kanta. A 1964 wasu likitocin ƙwaƙwalwa uku a jihar Massachusetts har sun wallafa maƙalar da ta nemi tushen dukan a halin wadda ake duka.

Sauyi ya zo ne daga wajen ofis. A 1971 Erin Pizzey ta buɗe mafakar mata a unguwar Chiswick ta Landan. A farkon shekarun 1980, a garin Duluth na jihar Minnesota, Ellen Pence da abokan aikinta suka zauna da matan da abin ya shafa, suka saurari labarinsu. Daga nan suka nuna cewa mari reshe ɗaya ne na wani tsari na mallakewa: riƙe kuɗi, raba mace da danginta, barazana da 'ya'ya. Suka kuma haɗa 'yan sanda da kotu da mafaka su yi aiki tare, tsaron ran mace na kan gaba.

Wannan tarihi ya shafe mu. Sashe na 55(1)(d) na dokar final kod ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, bai ɗauki ladabtar da mata laifi ba, in al'ada ta yarda kuma ba a yi mummunan rauni ba. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta haramta dukan abokin aure, amma doka ba ta rubuta fayil. Ma'aikaci ne ke rubutawa. Idan ya rubuta "saɓanin ma'aurata", sulhu da "ki yi haƙuri" ne za su biyo baya. Idan ya tambayi sau nawa, da me, wa ke riƙe da kuɗi, ina za ta kwana yau, to ya buɗe mata wata hanya dabam. Sulhu alheri ne, amma sai bayan an tabbatar ranta ba ya cikin haɗari.